Godiyar Mai Bin Bashi

A ƙarshen shekarar 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta fara raba naira biliyan 6 ga tsofaffin ma'aikatan jihar Kano da magadan waɗanda suka rasu. Wannan shi ne kashin farko daga bashin garatuti da haƙƙin mamata da gwamnatin ta ce ta gada, wanda ya kai naira biliyan 48. An yi taro, an yi jawabai, an shafa fatiha. Bayan nan dattawa suka riƙa fitowa a gidajen rediyo suna godiya, wasu muryarsu na rawa. Ban ga laifinsu ba. Wanda ya shekara biyar ko shida yana jiran kuɗinsa, har ya fara tunanin sai dai a biya magadansa, ranar da saƙon banki ya shigo wayarsa dole zuciyarsa ta karye. Wanda ya biya ma ya yi abin kirki, tunda wasu sun samu dama ba su biya ba.

Amma akwai abin dubawa a cikin wannan godiya. A kasuwa, idan ka biya mutum bashin da ya daɗe yana binka, kai ne kake ba da haƙuri, shi kuma ya ce ba komai. A maganar fansho sai abin ya juye: mai bin bashi ne ke durƙusawa. Ko dai mu ne muka manta wa ke bin wa, ko kuwa fanshon dama can ba bashi ba ne, alfarma ce da mai mulki ke yi idan ya ga dama. Amsar wannan tambaya ba ta masana ba ce kawai. Ita ce ke yanke wa za a fara biya ranar da kuɗin wata bai isa ba: ɗan kwangilar titi, ko tsohon malamin makaranta.

Bahaushe bai ɗauki kalmar haƙƙi da wasa ba. Kyauta idan an hana ka, sai ka ce ba rabonka ba ce. Taimako idan bai zo ba, ka nemi wata ƙofar. Haƙƙi kuwa shi ne abin da idan aka danne maka za ka iya ɗaga hannu ka ce Allah ya isa, kuma duk wanda ya ji ya san ba ka yi zalunci ba. Saboda haka kafin mu ɗora wannan kalma mai nauyi a kan fansho, ya kamata mu ga ko zai iya ɗaukarta.

Mu tafi Shanono, can arewa maso yammacin Kano, kusa da iyakar Katsina, inda gona ke manne da gona kuma kusan kowane gida da rumbunsa. Tun kafin a san wani abu wai shi ritaya, mutanen irin wannan ƙasa suna da tsarinsu na tsufa, wato gandu. Uba da 'ya'yansa maza, har da masu aure, suna noma gona ɗaya. Shi ke ciyar da gida daga rumbu, shi ke biyan haraji, shi ke yi wa yaro aure, kowane ɗa kuma yana da 'yar gayaunarsa da yake nomawa a lokacin da ya rage masa. Idan ƙarfin uba ya ƙare, gandu bai tsaya ba. Yana zaune a inuwa, hatsi na shiga rumbu, kuma babu mai cewa sadaka ake ba shi, domin gonar da ake nomawa shi ya share ta, 'ya'yan da ke noman shi ya raine su.

Yanzu ka ɗauki yaron wannan gida da aka ɗauka aikin koyarwa a firamare, ko aikin duba marasa lafiya a ƙaramin asibitin ƙauye, ko akawu a sakatariyar ƙaramar hukuma. Safiyarsa, wadda ita ce lokacin noma, ta zama ta hukuma. Zai ɗan taɓa noma da yamma da ranakun hutu, amma ba zai faɗaɗa gona kamar ɗan'uwansa ba, ba zai bi kasuwannin ƙauye da awaki ba, ba zai tafi cirani Legas ko Fatakwal da rani ba. Ya bar gandun ubansa ya shiga gandun gwamnati, a kan sharaɗin da kowa ya sani: albashi kaɗan ne, amma idan ka cika shekara 35 kana aiki, ko ka kai shekara 60 da haihuwa, ba za a bar ka ka wulaƙanta ba. Da babu wannan alkawari, da mutane da yawa ba su karɓi wannan albashi ba. Ke nan fansho wani yanki ne na ladan aikin, wanda aka ce masa ya bari sai gaba.

Tun daga 2006 ma abin ya wuce alkawarin baki. A zamanin Malam Ibrahim Shekarau aka yi dokar da ta kafa asusun amintattun fansho na jihar Kano, inda ake cire kashi 8 cikin ɗari na albashin ma'aikaci kowane wata, gwamnati kuma ta ɗora kashi 17. Wanda aka yanki kuɗinsa wata bayan wata, da sunan ajiya, ba roƙo yake yi ba idan ya zo karɓa. Kundin tsarin mulkin 1999 shi ma bai yi shiru ba. Sashe na 210 ya hana a riƙe wa ma'aikacin jiha fanshonsa ko a sauya shi ta yadda zai cutu, sai ta hanyar da doka ta yarda, ya kuma ce a riƙa duba kuɗin fansho duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka gyara albashi, duk wanda ya riga zuwa. Sashe na 173 ya faɗi haka game da ma'aikatan tarayya. Mai karatu zai iya tambayar duk wani ɗan fansho da ya sani sau nawa aka cika wannan sharaɗi na shekara biyar a kansa.

Kada a ɗauka ko'ina a duniya an yarda da wannan fahimta. A Amurka akwai shari'ar wani mutum mai suna Ephram Nestor, ɗan asalin Bulgeriya, wanda ya shafe shekara 19 ana cire masa kuɗin tsufa. A 1956 aka kore shi daga ƙasar saboda ya taɓa zama ɗan jam'iyyar kwaminis, aka kuma tsayar da kuɗinsa. Da magana ta kai kotun ƙoli a 1960, alƙalai biyar cikin tara suka ce kuɗin da ya zuba bai zama dukiyarsa ba; majalisa ce ta yi tsarin, kuma tana da ikon sauya shi. Indiya kuwa ta bi wata hanyar. A 1982, a shari'ar D. S. Nakara, kotun ƙolinta ta ce fansho ba kyautar da ubangida ke yi don ya ga dama ba ce, biyan aikin da aka riga aka yi ne. Ni ina tare da alƙalan Indiya. Amma hukuncin Amurka ya tona wata gaskiya mai ɗaci: haƙƙin da gwamnati ce ta rubuta shi, ita ke riƙe da kuɗinsa, ita kuma za a kai wa ƙara, haƙƙi ne mai rauni komai kyawun rubutunsa.

Akwai ƙorafin da ya fi wannan nauyi, kuma ba daga Amurka zai zo ba, daga gidan maƙwabcin malamin nan zai fito.

A Shanono, tsofaffin da suka taɓa karɓar albashin gwamnati tsiraru ne. Mafi yawa manoma ne, da maƙera, da masu kiwo, da matan da suka tsufa a kan turmi da dutsen niƙa. Shi ma manomin ya yi shekara arba'in yana aiki. Gero da dawa da waken da ya noma su aka ci a birni. Iyayensa sun biya haraji da jangali, gyaɗarsu ce aka tara dala-dala a Kano aka gina Arewa da kuɗinta. Yau ma duk sanda ya sayi katin waya ko kwanon rufi, akwai harajin da ke shiga aljihun gwamnati. Gandun da zai dogara da shi kuwa ya lalace: gonaki sun tsattsage saboda rabon gado, samari sun tafi birni suna tuƙa babur. Idan ya tsufa babu mai kiransa tantancewa, domin babu sunansa a kowace takarda. To wannan mutum yana da ikon ya tambaya: kashi 17 ɗin nan da gwamnati ke zubawa, daga ina ya fito? Biliyan 48 ɗin da za a biya fa? Daga baitulmalin da ni ma nake da rabo a ciki. Kuɗin da zai iya zama magani a asibitinmu ko rufin ajin jikokina, an ce haƙƙin maƙwabcina ne, wanda dama ya fi ni samu tun muna samari. Ina adalci a nan?

Ba na jin za a iya kawar da wannan tambaya da hannu ɗaya, kuma ban cika jin ƙungiyoyin ƙwadago suna amsa ta ba. Abin da zan ce shi ne haƙƙi iri biyu ne a nan, kuma cakuɗa su ne ke kawo rikici. Na malamin bashi ne: an yi ciniki, ya ba da nasa, saura a ba shi. Na manomin kuwa haƙƙin ɗan ƙasa ne da ƙarfinsa ya ƙare a cikin al'ummar da ta amfana da shi. Wannan na biyun ba baƙo ba ne a wurinmu. Abu Yusuf ya kawo a Kitabul Kharaj cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsoho Bayahude yana bara don ya biya jiziya, sai ya ɗauke masa ita, ya kuma umarci mai kula da baitulmali ya riƙa ba shi da ire-irensa abin da za su rayu, bisa hujjar cewa ba daidai ba ne a ci moriyar ƙuruciyar mutum a yar da shi da tsufa. Wannan tsoho bai taɓa yi wa hukuma aiki ba. A zamaninmu ƙasar Lesoto, wadda ba ta da man fetur, ta fara biyan duk wanda ya kai shekara 70 tun 2004, Zanzibar ta bi sahu a 2016. A nan gida jihar Ekiti ta gwada ba tsofaffi marasa galihu naira 5,000 a wata daga 2011.

Amma hana malamin kuɗinsa ba zai sa ko ƙwayar gero ɗaya a rumbun manomin ba. Mun ga shekarun da ba a biya garatuti ba; ba mu ga an kwashi kuɗin an raba wa tsofaffin ƙauye ba. Kuma duk wanda ya san zaman karkara ya san fanshon mutum ɗaya ba bakinsa kaɗai yake shiga ba. Shi ake bugawa ƙofa idan mace na naƙuda da dare, shi ke ba da rancen kuɗin taki, a gidansa marayun ƙaninsa suke. Abin da ya fi wannan, gwamnatin da ta saba cin bashin wanda ke da takarda da lambar fayil da ƙungiya, me zai hana ta manta da wanda ba shi da ko ɗaya? Iyakar abin da ƙorafin manomin ya wajabta, a ganina, shi ne kada a yi wa ma'aikata alkawarin da sai an tauye kowa kafin a cika shi, kuma kada masu albashi su riƙa magana kamar su kaɗai ne ke tsufa. A ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, masu asusun fansho a tsarin tarayya miliyan 10 ne da 'yan kai. An ƙaddamar da ƙaramin tsarin fansho na masu sana'ar hannu a 2019, amma je ka kasuwar ƙauye ka tambayi mutum goma ko sun taɓa jin labarinsa.

To an yarda bashi ne. Sai dai kiran abu haƙƙi ba ya haifar da kuɗin biyansa, kuma a nan ne masu kare 'yan fansho kan yi sauri su wuce.

Tsarin Kano, idan aka cire masa turanci, adashi ne. Kowa na zubi, ana kwasa bi da bi, sai dai wannan adashin ba ya ƙarewa: masu aiki yau su ke zuba abin da ake ba waɗanda suka huta, da fatan na bayansu za su yi musu haka. Lissafinsa ba wuya. Kashi 8 da kashi 17 sun zama kashi 25, wato rubu'in albashi. Idan ma'aikata huɗu ke zubi a kan kowane ɗan fansho ɗaya, an sami cikakken albashi guda, a biya shi har a ajiye saura don garatuti. Idan suka koma biyu, rabin albashi kaɗai ake da shi. A tsohon tsarin tarayya, wanda ya cika shekara 35 yana tafiya da kashi 80 na albashinsa a matsayin fansho, da garatuti na albashin shekara uku. Kuma mai ritaya yana fita ne a saman matakin albashi, wanda ya maye gurbinsa yana shigowa a ƙasa. Ka ga idan gwamnati ta ɗebi ma'aikata da yawa a lokaci ɗaya, kamar yadda aka ɗebi malamai bayan shirin ilimin firamare na bai-ɗaya a 1976, to bayan shekara 35 za su fita a lokaci ɗaya, kuma asusu zai ji a jikinsa ko da babu ɓarawo ko ɗaya.

Wannan matsala ba tamu kaɗai ba ce. Lokacin da Bismarck ya kafa fanshon tsufa a Jamus a 1889, sai mutum ya kai shekara 70 yake fara karɓa, a zamanin da ma'aikata kaɗan ne ke kaiwa can. Da rayuwa ta ƙara tsawo sai lissafi ya canza. Faransa ta ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64 a 2023, mutane suka cika tituna wata da watanni. Su tsufan al'umma ne ya kama su. Mu kuwa al'ummarmu yara ce, don haka ba mu da wannan uzuri sosai. Ciwonmu na uwar adashi ne.

Kowace mace a Shanono ta san abin da ke kashe adashi: uwar adashi ta taɓa kuɗin da niyyar za ta mayar kafin ranar kwasa. A tsarin fansho gwamnati ce mai zubi mafi girma, ita ke naɗa masu riƙon asusu, ita ce kuma ke zuwa rance idan ta matsu. Idan wata ya yi tsanani, abu mafi sauƙi shi ne a biya albashi a jinkirta zubin fansho, domin wanda ba a biya albashi ba gobe zai tafi yajin aiki, wanda ba a zuba wa fansho ba kuwa sai bayan shekara ashirin zai sani. Bashin biliyan 48 ba dare ɗaya ya taru ba. Haka ya taru, wata bayan wata, ba tare da an ji ƙarar komai ba. A wa'adin Kwankwaso na biyu an sa biliyoyin naira na asusun fansho a ginin rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, maganar da wasu 'yan fansho suka kai gaban EFCC. Masu kare matakin suna cewa jari ne, kuma gaskiya ne kuɗin fansho ba a binne shi a rami, dole a juya shi. Amma gida ba ya zama kuɗi ranar da ake bukata, kuma idan mai neman jarin shi ne ubangidan mai riƙon asusun, wa zai iya ce masa a'a? A zamanin Ganduje kuma kukan da aka fi ji shi ne na yankan kuɗin wata da taruwar garatuti. Na ambaci waɗannan ne don a ga cewa ba ciwon jam'iyya ɗaya ba ne. Kowa ya hau ya tarar da tukunya a buɗe. Jigawa, wadda aka cire daga jikin Kano a 1991, tana da irin wannan tsari na zubi tun kafin namu, kuma an daɗe ana misali da ita wajen biya a kan lokaci. Ba wata dabara ta ɓoye gare su ba illa zuba abin da aka ce za a zuba.

Wasu za su ce mafita ita ce a bi tsarin tarayya, wanda Obasanjo ya kawo a 2004 bisa koyi da ƙasar Chile, aka sake gyara shi a 2014: kowa da asusunsa da sunansa, ma'aikaci ya zuba kashi 8, mai ɗaukar aiki kashi 10, kamfani mai zaman kansa ya juya kuɗin, hukumar PenCom na sa ido. Wannan tsari ya toshe wata babbar ɓaraka. Manyan satar da aka yi, irin ta Abdulrasheed Maina da kotu ta ɗaure shekara takwas a 2021, a tsohon tsari aka yi su, inda kuɗi ke zube wuri ɗaya. Dukiyar sabon tsarin ta haura naira tiriliyan 20. Sai dai ya sauya ma'anar alkawarin ba tare da an faɗa da babbar murya ba. Da, gwamnati na cewa za ta riƙe ka har ka mutu. Yanzu tana cewa ga abin da ka tara, Allah ya sa ya isa. Idan naira ta faɗi, kai ta faɗa wa. Kuma ta faɗi: daga wajen 460 a dala ɗaya a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024, hauhawar farashi ta haura kashi 34 a ƙarshen wannan shekarar. An cire sojoji daga tsarin tun 2011, tsofaffin 'yan sanda kuma suna ta zanga-zangar a cire su. Mafi yawan kuɗin ma gwamnatin tarayya aka ranta wa. Uwar adashi ta fita ta ƙofa ta dawo ta taga, sai dai yanzu da takarda da riba.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ta fi wuya a cikin maganar haƙƙi: me aka yi alkawari, lamba ko rayuwa? A Kano akwai waɗanda suka daɗe suna karɓar naira 5,000 a wata, kafin gwamnati mai ci ta ɗaga mafi ƙarancin fansho zuwa 20,000, a lokacin da mafi ƙarancin albashi ya koma 71,000. Wanda ake ba 5,000 ba a karya doka a kansa ta fuskar lamba ba, an biya shi abin da ke rubuce. Amma wanda ya ba ka aron tiya goma ta gero, ka mayar masa da buhun da aka rubuta tiya goma a jiki alhali biyu ce a ciki, ba ka biya shi ba. Hauhawar farashi ita ce hanyar da gwamnati ke cin bashi ba tare da ta ce ta ci ba, kuma dalilin sharaɗin shekara biyar ke nan a tsarin mulki. Ni da za a ɗaure mafi ƙarancin fansho da mafi ƙarancin albashi, duk sanda wannan ya motsa wancan ya bi shi da kansa, da an rage wa dattawa zaryar roƙo.

Ɗorewa tana da farashi, kuma ba gwamnati kaɗai za ta biya ba. Ɗaukar aiki don sakayyar siyasa bashi ne da ake ci da sunan jikoki. Ƙarin girma na dab da ritaya, da rage shekarun haihuwa a fayil, da barin sunan mamaci yana karɓa, duk ma'aikata ne ke yi ko suke rufa wa juna asiri, kuma daga kwanon abokan aikinsu suke ɗiba. Ƙara shekarun aiki, kamar yadda dokar 2022 ta ba malaman makaranta damar kaiwa shekara 65 ko shekara 40 a bakin aiki, yana sauƙaƙa wa asusu, amma yana tsare ƙofa ga matasan da ke riƙe da takardun NCE suna jira. Babu zaɓin da ba ya taka ƙafar wani. Abin da ba zan yarda a kira sadaukarwa ba shi ne a ce wa masinja ya yi haƙuri alhali dokar 2007 ta tanadar wa tsohon gwamnan Kano da mataimakinsa albashi da gida da motoci har ƙarshen rayuwa, saboda aikin shekara huɗu ko takwas. Wannan ba ajiyar kowa ba ce, masu rabo ne suka yanka wa kansu. Zamfara ta soke irin wannan doka a 2019, bayan Abdul'aziz Yari ya rubuta takarda yana neman a ci gaba da ba shi naira miliyan 10 a wata, kuma sama ba ta faɗo ba.

Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce, don haka a yi mini uzuri idan na ga matsalar ta fuskar rijista. Abin da ya sa ake iya jinkirta zubi shi ne ba a gani. Ma'aikaci yana ganin an cire masa kashi 8 a takardar albashi, amma ba ya ganin ko ya isa asusu, balle kashi 17 na gwamnati. Banki yana turo maka saƙo idan an cire maka naira hamsin. Babu wani dalili na fasaha da zai hana malamin firamare a Shanono ya samu saƙo a ƙaramar wayarsa duk wata: an zuba naka kaza, ƙaramar hukuma ta zuba nata kaza, ko ba ta zuba ba. Haka jerin masu jiran garatuti: a lissafa su bisa ranar ritaya, a manna a sakatariya a kuma sa a intanet, kowa ya san na nawa ne shi, yadda ba za a tsallake da wani don ya san wani ba, ko a ce sai ya ba da wani abu a ciki kafin fayil ɗinsa ya motsa. Tantancewa ma, wadda ake tara tsofaffi masu ciwon ƙafa da hawan jini a layi don su tabbatar suna raye, ma'aikaci ɗaya da na'urar ɗaukar yatsa zai iya zagaya mazaɓu ya yi ta a ƙofar gidajensu. Aikin bai fi ƙarfin matasan da ke zaune a Kano ba. Abin da ya sa ba a yi ba, wanda zai ba da umarnin a yi shi ne wanda saƙon zai fara tona wa asiri, wata goma sha biyu a shekara.

A ranar 11 ga Yuli 2024 kotun ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ba ta asusun haɗin gwiwa da jiha ba. Idan wannan hukunci ya zauna da gindinsa, zubin fanshon malaman firamare da ma'aikatan lafiya na Shanono zai dogara ne da sa hannun shugaban ƙaramar hukuma da ma'ajinsa. Wannan na iya zama alheri, domin mutane ne da ake haɗuwa da su a masallacin Juma'a da wurin ɗaurin aure, ana iya tare su a tambaya. Yana kuma iya zama uwar adashi 44 a maimakon ɗaya, kowace da tata matsuwar a ƙarshen wata. Ƙungiyar malamai da ta ma'aikatan ƙananan hukumomi sun fi ba da ƙarfi a kan wa zai riƙa biyan albashi. Wanda ya rage masa shekara ashirin ya yi ritaya, gara ya fara tambayar wa zai riƙa zuba kashi 17, a wace rana ta wata, kuma a ina zai gani da idonsa.